Sa wa mota rimot mai tayar da inji daga nesa: amsa ga mai Camry a Gombe

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, bari in maimaita ta a taƙaice saboda wanda bai gani ba. Kana da Camry 2009 atomatik, wadda muke ce wa masul, ta makulli ce ba ta dannawa ba, kana aiki a sakatariya nan cikin Gombe, motar tana wuni a rana, in ka fito da la'asar sitiyari ma ba ya taɓuwa. Ka ga ana tallan na'urar da za ka danna rimot tun kana ofis inji ya tashi AC ya fara sanyaya ciki, shine kake tambaya ko ana iya sa wa irin motarka, ko zai lalata birenbos, wato kwamfutar da take sarrafa inji, ko ɓarawo zai samu sauƙi, sannan ko kai da kanka za ka iya ɗaurawa tunda kana ɗan taɓa wayarin ɗin gida.

Ana sawa, kuma Camry ɗin nan tana cikin motocin da aikinsu ba ya wahalar da wanda ya san hannunsa. In an yi shi daidai ba abin da zai samu birenbos. Maganar ɓarawo kuma ta dogara kacokan a kan yadda mai ɗaurawar ya yi da sikiritin makullinka, zan daɗe a kanta a ƙasa. Amma ka ɗaura da kanka, gaskiya ban ba ka shawara ba, wayarin ɗin gida daban na mota daban. Abin da nake so ka fara sa wa a ranka shine motar nan za ta riƙa aiki babu kowa a cikinta. Kullum in ka tayar da mota kai ne kake ganin allurar zafi, kai ne kake jin kik in ya yi ƙara, kai ne ka san giya tana P, kai ne kake ganin yaro in yana bayan taya. Ranar da aka sa rimot duk waɗannan sai dai waya ta yi su a madadinka, kuma mafi yawan aikin banza da nake gani ana kawowa gareji, waɗannan wayoyin ne aka tsallake saboda ko babu su motar tana tashi, mai mota ya ga ta tashi ya biya kuɗi ya tafi yana murna.

Ita na'urar ba wani abin mamaki ba ce. Ƙaramin akwati ne da ake ɓoyewa ƙarƙashin dashbod, yana kwaikwayon abin da hannunka yake yi in ka murɗa makulli. Yana ɗaukar wuta daga wayar batir mai 12V, ya ba wayar igineshan, ya ba wayar da take kunna fanka da AC, sannan ya ba kik wuta na ɗan lokaci, da ya ji inji ya kama sai ya saki kik ɗin. Yadda yake jin inji ya kama ɗin nan yana da muhimmanci. Mai kyau yana karanta juyin inji ne kai tsaye, ko daga wayar koyil ko injekta ko ta wayoyin data na motar. Na arha kuma wutar batir kawai yake kallo, in ya ga ta hau daga 12 da ɗoriya zuwa wajen 14 sai ya ce inji ya tashi. Toh a motocinmu da rabin oltaneta ɗinsu sun gaji, sai ka ga ya ci gaba da riƙe kik bayan inji ya tashi, kana jin ƙarar nan ta ƙarfe yana cin ƙarfe, wata biyu uku a ce maka kik ya mutu ko haƙoran fulayiwil sun cinye. Ka ce a haɗa maka ta juyin inji, kar ka yarda da ɗayan.

Kafin ma a sayi komai, motar taka ce za a fara dubawa, kuma wallahi nan ne mutane da yawa ya kamata su tsaya. Zafin Gombe a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, mota a tsaye babu iskar gudu da take bugun lagireto, ga AC a kunne yana ƙara wa inji nauyi, fanka ce kaɗai take riƙe da ita. In fankar nan ɗaya ta mutu ko tana juyawa a sanyaye, ko lagireto yana ɗigar ruwa, ko murfinsa ya saki, kana zaune a ofis hankali kwance allura za ta hau har ja babu mai gani, ka fito ka tarar gasket ya ƙone. Ka sa a tayar da ita a rana tsaka da AC a kunne a bar ta minti 20 a tsaye ana kallon allura, in ta motsa daga inda ta saba tsayawa to gyaran sanyaya inji ne a gabanka ba rimot ba. Sannan yawancin motocinmu an cire musu tamostat an yi wa fanka dairek, wato an ɗaura ta a kan wayar igineshan, dole mai ɗaurawa ya san da wannan domin nauyin fankar zai bi ta cikin na'urarsa in babu rile, wato ɗan makunnin da yake ɗauke nauyin wuta, a tsakani. Injin 2.4 na Camry 2007 zuwa 2009 kuma an san shi da shan baƙin mai, ka riƙa jan sandar awo kana dubawa, domin fitilar mai in ta kama babu wanda zai gan ta. Batir a gwada shi da mita, lafiyayye in mota ta huta yana nuna wajen 12.6, in ana kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In fitilar cek injin tana kunne a sa kwamfuta a san dalili tun kafin a taɓa waya ko ɗaya, don kar gobe a yi ta musu kan wa ya jawo.

Yanzu maganar makulli, wadda ita ce zuciyar aikin. A cikin baƙin kan makullinka akwai ɗan ƙaramin cif, ba ya amfani da batir, a bakin inda kake zura makullin kuma akwai zobe na waya da yake tambayar cif ɗin lambarsa duk lokacin da ka zura. In lambar ta yi daidai birenbos ya saki mai da wuta, in ba ta yi ba kik zai yi ta juyawa inji ba zai kama ba. Ka lura da 'yar jar fitilar sikiriti da take ƙiftawa in ka zare makulli, da ka zura naka sai ta ɗauke, wannan shine. A Turai tun wajen 1998 aka wajabta shi a sababbin motoci, Kanada ta bi a 2007, Amurka kuwa ba ta wajabta ba, shi ya sa za ka ga wata motar Amurka tana da shi wata babu, amma taka tana da shi. Kaga kenan in za a tayar da mota babu makulli a ciki dole a samu abin da zai amsa wa zoben nan tambayarsa, kuma hanya uku ake bi.

Hanya mai kyau ita ce a sa wani ƙaramin akwati na biyu, baifas ake ce masa, irin na kamfanin iDatalink ko Fortin, dukansu na Kanada ne. Ana haɗa shi da kwamfuta da intanet a zuba masa manhajar ainihin motarka, ya koyi lambar makullinka, sannan ba ya amsawa sai a daidai lokacin da ka danna rimot. In ba ka danna ba motar tana nan da sikiritinta kamar yadda Toyota ta yi ta, kuma ba ka rasa makulli ko ɗaya ba. Ta biyu tsohuwar hanya ce, a ɗauki makullinka na sifiya a rufe shi cikin wani akwati a ɓoye can cikin dashbod, akwatin yana miƙa lambar ga zoben ne kawai in rimot ya umarce shi. Tana aiki, amma makullinka na gaske yana kwana cikin mota, wanda ya san inda ake ɓoyewa ya gama da kai, in za a yi haka aƙalla a sa wanda ba a yanka haƙoransa ba ko a cire cif ɗin kaɗai. Ta ukun ita ce nake roƙonka da Allah kar ka bari a yi maka, a fasa kan makulli a ciro cif a manna shi da salatif ko sufa gulu a jikin zoben dindindin. Daga ranar duk ƙarfen da ya iya murɗa wurin zai tayar da motarka, kamar ka kulle shago ne ka rataye makullin a jikin kwaɗon. Kuma ba za ka gane an yi maka haka ba sai in ka lura fitilar sikiritin ta daina ƙiftawa.

Ka duba jikin ƙarfen makullinka kusa da inda ya shiga roba, na Toyota za ka ga ɗan ɗigo, ko harafin G, a sababbi kuma H. Kowanne cif ɗinsa daban kuma manhajar da ake zuba wa baifas daban, mai ɗaurawar da bai karɓi makullinka ya juya shi ya duba wannan ba kafin ya faɗa maka kuɗi, ka san lalube zai yi. In kuma makulli ɗaya tal gare ka, ka fara yin na biyu mai cif tun kana da na farkon a hannu, domin in duka suka ɓata ko aka lalata cif wajen fasawa aikin yana iya komawa na cire birenbos, kuɗinsa ba kaɗan ba.

Sai waɗannan na Chana da suka cika kasuwa, masu zuwa da maɓallin dannawa da rimot biyu masu ƙyalli, a ce za a mayar maka da mota fush-sitat. Ina jin ma irinsa ka gani a talla. Ba wai duk kayan Chana ne banza ba, matsalar tana cikin tsarin abin. Motar makulli tana da kullen sitiyari, in ka zare makulli sitiyari ya kulle. Don maɓallin nan ya yi aiki dole a kashe kullen, ko a yanke makulli a bar guntunsa a ciki a murɗe har abada ko a cire harshen kullen gaba ɗaya, sannan yawanci a manna cif a zobe. Kariya biyu da kamfani ya sa maka duk sun tafi a yini ɗaya, abin da ya rage tsakanin motarka da ɓarawo shine akwatin da ba ka san wanda ya ƙera shi ba. Ranar da ya ƙone kuma a hanyar Dukku ko Kaltungo babu ramin makullin da za ka koma masa. Araha ba ta ado Malam. Rimot na tayarwa zalla irin su Compustar, Viper ko StarLine ba ya taɓa kullen sitiyari, makullinka yana nan yana aikinsa kamar da, ko na'urar ta mutu ka murɗa ka tafi. Ka kanƙare bakin wayar kayan da aka kawo maka da reza, in ka ga ciki fari ne an shafa masa ja a sama to alminiyom ne, ba ya ɗaukar nauyin wutar igineshan, zafi yake yi.

Wani abu da yake kayar da mutane wajen oda, shekarar da take takarda ba lallai ita ce shekarar motar ba. Motocinmu na Kwatano da na gwanjon Amurka wasu an canza musu fuska, wasu an sauya inji da birenbos, wasu sun sha ruwa ko hatsari an yi musu ɗinkin waya. Ka duba lambar shasi ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, guda 17 ce, ta goma ita ce shekara, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011. In ta fara da 4T a Amurka aka haɗa ta, JT kuma Japan. Har rimot ɗin kamfani ma ba ɗaya ba ne, na Amurka yawanci 315 MHz ne na Turai 433. Da wannan lambar ake yin oda, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano za a kawo maka ko Ladipo a Legas ko daga waje. In ana samun wayar da take da soket daidai na motarka, wadda za a zare na kamfani a sa ta a tsakani ba tare da yanka ba, ka ƙara kuɗi ka saye ta, ranar da za ka sayar da motar a zare a mayar kamar ba a taɓa ba.

Ranar aikin ka tsaya a wurin ko da na awa ɗaya ne, aikin kirki yana cin awa uku zuwa huɗu, wanda ya ce maka minti 40 akwai abin da zai tsallake. Da an cire murfin ƙasan sitiyari za ka ga wayoyi masu kauri suna fitowa daga bayan makulli, kusa da su akwai soket da bututu mai launin rawaya, wannan na eyabag ne, ba a taɓa shi ba a soka masa komai. Toyota ta ce a cire kan batir a jira daƙiƙa 90 kafin a yi aiki kusa da shi, Honda ta ce minti 3. In ka ga mai wayarin ya ɗauko testa ɗin nan mai ƙwan fitila yana soka wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda za ta kawo haske, ka dakatar da shi. A Peugeot 504 wannan ba laifi, a motar da take da kwamfuta kuwa ƙwan yana jan wutar da zai iya ƙona hanya a cikin birenbos, kuma yawancin labarin "rimot ya kashe min birenbos" daga nan ne, ba daga na'urar ba. Mita mai lamba ake amfani da ita. Wayoyin data guda biyu ne sirara a murɗe da juna, wutar da take kansu wajen 2.5V ce kawai, a soket ɗin kwamfuta mai ƙafa 16 suna ƙafa ta 6 da ta 14, ka ba su 12V ka ga yadda dashbod zai cika da fitilu. Kuma ko yana da zanen wayoyin motar kar ya dogara da launi, kowace waya a gwada ta ana murɗa makulli, a ga wadda take da wuta kullum, wadda take kawowa a ON, wadda take ɗaukewa lokacin kik, wadda ba ta kawowa sai lokacin kik.

Haɗin kuma a yi shi da dalma a rufe da robar nan da take tsukewa in an gasa ta. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif na naira kaɗan, a zafin da yake narkar da dashbod ɗin masul har ya riƙa danƙo a hannu, gam ɗin salatif ba ya kai damina, ya zame, ga gargadar hanyoyin unguwa tana girgiza shi, wata rana waya mai wuta ta taɓa ƙarfe. Fiyus ya kasance kusa da inda aka ɗebo wutar. Wayar as, wato ta negatif, a ɗaure ta a kusoshin jikin mota inda aka kanƙare fenti. Eriya a manna ta saman gilashin gaba bayan madubi, wayarta in za ta bi ta ginshiƙin gefe ta bi bayan eyabag ɗin labule ba gabansa ba. Akwatin a ɗaure shi sosai nesa da fedar birki da sandar sitiyari.

Wayoyin da na ce ana tsallakewa uku ne, na birki, na bonet, da na giya. Ta birki ita ce take kashe inji nan take in wani ya shiga ya taka birki babu makulli a ON, kuma tunda giya ba ta fita daga P sai an taka birki, ga sitiyari a kulle, wanda ya fasa gilas bai samu komai ba. Ta bonet wani ɗan maɓalli ne da ake hudawa a ɗaura, in bonet a buɗe yake rimot ba zai yi aiki ba. Shi aka fi jefarwa cikin kwali saboda sai an yi huda an ja waya ta bango. Ka tuna yaron gareji da hannunsa yake cikin fanka ko kan bel yana canza maka wani abu, rimot yana aljihunka ka zauna a kansa ko ɗanka yana wasa da shi a gida. Ni motar da mai ita ya ce a bar wannan maɓallin ba na ɗaura mata, ya kai wani wurin. Ta giya kuma, wayar kik a haɗa ta ta ɓangaren makulli yadda dole sai ta bi ta makunnin da yake hana mota tashi in ba a P ko N take ba.

Masu giyar hannu da suke karantawa, Golf ko 406 ko Hilux, ku naku daban ne. Mun saba barin mota a giya ɗaya in mun yi fakin, rimot kuma sai an yi masa dabarar tsallake kuloci, kik kaɗai ya isa ya tura mota ta hau mutum ko ta daki katanga. Akwai na'urorin da aka yi domin manuwal, sai ka ja birkin hannu ka fita inji yana aiki a firi, ka rufe ƙofa ita ta kashe da kanta, in aka sake buɗe ƙofa ta soke. In ba irin wannan ba ce kar a sa, in birkin hannunka ba ya riƙe mota a gangara ma kar a sa ko irin wannan ce.

In motar tana da tiraka ko wani sikiriti na ɓoye da yake yanke famfon mai, ka faɗa tun farko. Sau da yawa su biyun suna karo, rimot ya tayar tiraka ta kashe, ko mai ɗaurawa ya ga abin yana hana shi aiki ya tsallake maka shi bai faɗa ba. Kuma kowanne yana shan batir kaɗan kaɗan ko mota tana kashe, a auna bayan an gama, duka jimla in ya wuce wajen 50mA motar da ta daɗe ba a tayar ba za ta iya ƙin tashi.

Hayaƙi kuma ba abin wasa ba ne. Iskar da take kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki ita ce take fita daga salansa, ba ta da wari ba ta da launi, kuma motocinmu da yawa an cire musu indomi, wato matatar hayaƙin da take jikin salansa, an sayar, nasu hayaƙin ya fi guba nesa ba kusa ba. Kar a taɓa tayar da ita cikin rufaffen gareji, ko a tsakar gida inda salansa yake kallon tagar ɗakin da iyali suke kwance. Kar a yi fakin kan busasshiyar ciyawa da rani. A wurin aiki ka san yadda yara masu talla da almajirai suke fakewa a inuwar mota, har awaki, ka sa a saita ta yadda za ta yi hon da fitilu kafin ta yi kik, kuma in da hali ka riƙa tayarwa daga inda kake hango ta. Sannan kar wani ya bar yaro a ciki ya ce ai AC yana aiki, na'urar tana kashe kanta in lokacinta ya cika, yawanci minti 15, cikin motar da take rana kuwa yana iya wuce digiri 60.

Mai fa? Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 dole a yi wannan lissafin. Inji a tsaye yana shan kusan lita 0.6 a awa kan kowace lita ta girmansa, naka 2.4 ne, kusan lita ɗaya da rabi kenan a awa, minti 10 rubu'in lita, da AC ya ɗan fi haka. In sau biyu kake yi a rana a kwanakin aiki, ka sa lita 11 zuwa sama a wata. Ni a ganina minti 5 zuwa 7 ya isa, AC ya fi sanyi in mota tana tafiya, kuma in ka haɗa da abin tare rana na gilashin gaba za ka ga bambanci sosai. Ka sani na'urar ba ta kunna AC da kanta a irin motarka, yadda ka bar maɓallan haka za ta same su, sai ka saba barin AC a kunne fanka a sama iska tana kallon fuska kafin ka fita. Lokacin hunturu kuma ba ka buƙatarta, injin injekta ba ya son dogon wamin, rabin minti zuwa minti ɗaya ka ja a hankali.

Wajen zaɓen rimot, tunda daga cikin ofis za ka danna ba ka ganin motar, ka nemi mai dawo da amsa, wanda zai yi ƙara ko ya nuna maka a fuskarsa cewa ta tashi. Nisan da suke rubutawa a kwali na fili ne babu gini, bene da ƙarfe suna cinye fiye da rabi. Akwai saitin da za ka danna kulle sau uku a rimot ɗinka na Toyota ta tashi, ba ƙarin rimot, amma nisansa gajere ne, bai wuce bakin fakin ba. Masu aiki da waya irin DroneMobile an yi su ne domin layukan Amurka da Kanada kuma ana biyan kuɗin wata, in ta waya kake so ka nemi mai cin sim ɗin MTN ko Airtel, a gwada a gabanka. Kuɗi kuma dala ce take juya shi, ka ce a rubuta maka na na'ura daban, na baifas daban, na aiki daban, in babu baifas a lissafin ka tambaya ta yaya za a wuce cif ɗin.

Kafin ka biya cikon kuɗi ka gwada da hannunka. Buɗe bonet ka danna, kar ta tashi. Rufe ka tayar da rimot, ka ja ƙofofi ka ji a kulle suke, ka shiga ka taka birki babu makulli, ta mutu nan take, sitiyari kuma ya ƙi juyawa. Sake tayarwa ka zura makulli zuwa ON ka taka birki, ta ci gaba da aiki, ka murɗa zuwa kik da gangan ka ji ko an sa kariyar da take hana shi cin haƙora. A fili babu kowa a gaba, birkin hannu a ja, makulli a ON inji a kashe, a sa giya a D ƙafarka tana saman birki ba ta taɓa shi ba a danna rimot, ko motsi kar kik ya yi. Ka je da makullin da aka yanka a kasuwa marar cif ka murɗa, in ta tashi da shi an kashe maka sikiriti, a kwance a sake. Ka bar ta har lokacinta ya cika ka ga ta kashe kanta, a sa kwamfuta a tabbatar babu sabon kod. Sannan a nuna maka inda fiyus ɗinta yake da yadda ake kashe rimot ɗin gaba ɗaya, domin duk ranar da za ka kai ta sabis ko wanki ko ka ba wani aro sai ka kashe shi tukuna. Ka turo min hoton ƙarfen makullin da harafi na goma na lambar shasin, ka kuma gaya min ko fankarka dairek ce, sai in faɗa maka irin baifas ɗin da za ka nema.